Tambaya ga masu fiziks: me ya sa lissafin gudun harsashin bindigar gas yake ba ni ninki biyu na abin da ke jikin kwali?

Ɗan_Kadpoly ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah masu fiziks da injiniyoyin cikinmu a taimaka min da wani lissafi da ya tsaya min a wuya. Ina ND2 ne ɓangaren mekanikal, an ba mu aikin semina akan gas da matsi, ni kuma sai na zaɓi bindigar iska mai aiki da CO2 saboda kawuna yana da irinta a gidan kajinsa da ke hanyar Kachia, da ita yake maganin ɓeraye da gafiya. Irin wadda ake sa mata 'yar ƙaramar kwalbar ƙarfe mai giram 12 ɗin nan ce, tana harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5.

Ga yadda na bi. Matsin CO2 a cikin kwalbar idan zafi yana digiri 20 wajen bar 57 ne, wato faskal 5,700,000. Faɗin ramin bututun idan aka lissafa ya kama murabba'in milimita 15.9, toh matsi sau faɗi ya ba ni ƙarfin turi niyutan 90 da ɗoriya. Tsawon bututun na auna da tef santimita 45, ƙarfi sau tsawo ya ba ni kuzari jul 41. Ƙwayar dalmar giram 0.53 ce, da na sa a fomular rabin nauyi sau gudu sau gudu sai na samu wajen mita 390 a sakan, wanda ya ma fi gudun sauti. Amma a jikin kwalin bindigar an rubuta 600 fps, wato ƙafa 600 a sakan, idan aka juya mita 183 ne kacal a sakan, jul 9 ma bai cika ba kenan. Toh ina sauran jul talatin da wani abu suka shiga?

Sai ta biyu, kawun nawa yana cewa da asubar hunturu harbin yana sauka ƙasa da inda ya saita, amma idan rana ta take sai ya dawo daidai. Wannan akwai shi a ilmance ko kuwa sanyi ne ke sa hannunsa rawa? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Malam_Fiziks_UngRimi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗalibi. Lambobinka duk daidai suke, na sake bugawa a kalkuleta abin da ka samu shi na samu. Inda gizo ke saƙar shine ka ɗauka bar 57 ɗin nan yana biye da harsashin tun daga gindin bututu har bakinsa ba ya raguwa, kuma babu bindigar gas ɗin da take haka. Abin da ka lissafa iyaka ce ta can sama wadda ba za a taɓa wucewa ba, ba gudun gaskiya ba.

Bari in nuna maka da giram 12 ɗin da ka ambata. Cikin bututunka idan ka lissafa 15.9 sau 450 zai ba ka wajen cc 7.2. Shi kuma tururin CO2 a bar 57 yana da kauri sosai, duk cc ɗaya yana kai giram 0.19. Kaga kenan in ana so a cika bututun nan taf da gas mai wannan matsin har harsashi ya fita sai an zuba giram 1.4 a harbi ɗaya, kwalba ɗaya ba za ta wuce harbi takwas ko tara ba ta ƙare. Je ka tambayi kawunka harbi nawa yake samu, irin waɗannan yawanci arba'in zuwa sittin suke bayarwa, wato kowane harbi giram 0.2 zuwa 0.3 kawai yake ci. Dalili shine idan ka ja kunama wata 'yar guduma ce ke dukan bawul, bawul ɗin ya buɗe na ɗan ƙiftawa ya saki gas kaɗan, sai sifirin da matsin da ke bayansa su mayar da shi ya rufe tun harsashin bai yi nisa ba. Daga nan wannan ɗan gas ɗin shi kaɗai zai yi ta buɗewa yana turawa, yana buɗewa matsinsa yana faɗuwa yana kuma yin sanyi.

Toh yanzu mu sake lissafin a haka. Ka ɗauki giram 0.25, a bar 57 wurin da zai ci cc 1.3 ne. Zai buɗe daga 1.3 zuwa 8.5 idan ka haɗa da cikin bututu. Tunda duk abin a cikin sakan 0.004 ko makamancin haka yake faruwa, babu lokacin da zafi zai shigo daga ƙarfen bututu, shine ake amfani da fomular adiyabatik da aka koya muku a tamodainamiks: aiki daidai yake da matsin farko sau girman farko, a raba da gama ban da ɗaya, sannan a ninka da ɗaya ban da rabon girman farko da na ƙarshe da aka ɗaga zuwa gama ban da ɗaya. Gama wata lamba ce da kowane gas yake da tasa, ta CO2 wajen 1.3 ce, ta iskar da muke shaƙa 1.4. In ka buga za ka samu jul 10.6. Ka cire jul 0.7 na ture iskar da ke gaban harsashi a cikin bututu, saura 9.9. Matsin da ya rage a bayan harsashin lokacin da zai fita bai wuce bar 5 ba, dubi tazarar da ke tsakaninsa da 57.

Akwai kuma abin da ɗalibai da yawa ke tsallakewa, shi gas ɗin kansa yana da nauyi kuma shi ma sai an tura shi. Giram 0.25 na gas a bayan dalma giram 0.53, ai kusan rabinta ne. Wanda ke manne da harsashi yana gudu daidai da harsashi, na can gindi kusan a tsaye yake, saboda haka masu lissafin bindiga suke ƙara kashi ɗaya bisa uku na nauyin gas akan nauyin harsashi, dabarar da ake jinginawa ga Lagrange masanin lissafin nan na Faransa. Nauyin da za ka yi lissafi da shi ya koma giram 0.61, ka ninka 9.9 sau biyu ka raba da 0.00061 ka ɗauki sikwaya rut, zai ba ka wajen mita 180 a sakan. Ga ka nan dab da 183 ɗin kwali.

Amma fa kar ka je gaban lakcara ka ce ka gano gudun daidai wa daida. Giram 0.25 ɗin ƙiyasi ne muka yi, ba mu sa gogayyar dalma da zanen cikin bututu ba, ba mu sa gas ɗin da ke zurarewa ta gefe ba, kuma CO2 a wannan matsin ba ya bin dokar gas mai sauƙi sau da ƙafa. Ka rubuta duk waɗannan zato a fili a aikinka, nan makin yake.

Mai_AC_Panteka ya rubuta:

Slm. Malam ya gama da ta farko, ni ta biyun zan sa baki tunda gas sana'ata ce, firij da AC nake gyarawa. Wlh kawunka gaskiya ya faɗa ba rawar hannu bace. Ita kwalbar nan ba iska bace zalla a ciki, ruwan CO2 ne a ƙasa tururi a sama, kamar dai silindar gas ɗin girki da in ka girgiza za ka ji abu yana motsi kuma wutar ba ta raguwa sai ruwan ya ƙare gaba ɗaya, toh haka take, matuƙar akwai sauran ruwa a ciki ba yawan abin da ya rage ke yanke matsi ba, zafin gari ne ke yankewa. Mu a wajenmu R744 ake kiransa kuma akwai teburinsa. A digiri 0 bar 35 ne, a 15 wajen 51, a 20 shine 57 ɗin da ka yi aiki da shi, a 25 ya kai 64, a 30 kuma 72. Yanzu ka duba garin nan namu, asubar Disamba ko Janairu a bayan gari ana samun digiri 15 ko ƙasa da haka, ranar kuma kafin la'asar ya haura wajen 30, kaga daga 51 zuwa 72 a yini ɗaya bindiga ɗaya mutum ɗaya, dole da safe harsashin ya fita da sanyin jiki, kuma wanda ya fi daɗewa a hanya shi ya fi faɗuwa ƙasa kafin ya isa.

Wani abin kuma in ka yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa ka taɓa wurin kwalbar za ka ji ya yi sanyi ƙarara har da raɓa a jikin ƙarfen wani lokacin, saboda duk harbi sai wani ruwan ya tafasa ya cike gurbin tururin da ya fita kuma zafin da zai tafasa da shi daga jikin kwalbar yake zuƙa, sai matsi ya sauka gudun ma ya sauka, in ka ɗan jira ya dawo. Don haka in za ka yi gwaji ka riƙa ba da tazara tsakanin harbi.

Sannan dan Allah ka ja kunnen kawu akan bazara. Daga digiri 31 CO2 ba ya zama ruwa daban tururi daban, duk ya haɗe ya zama abu ɗaya, daga nan teburin can ya daina aiki matsin sai hawa da sauri, mu kuma Maris da Afrilu 36 zuwa 38 ba baƙon abu bane a Kaduna balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana. Kar a ajiye kwalaben a dashbod ko kusa da janareta ko ƙarƙashin kwanon ɗakin kaji. Abin mamaki ma in matsin ya yi yawa wasu bindigogin gudunsu raguwa yake, gudumar ba ta iya danne bawul ɗin ya buɗe sosai, wani sa'in ma ya ƙi buɗewa sam sai ta huce.

Ɗan_Kadpoly ya rubuta:

Malam na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na bi lissafin da biro na samu 180 ɗin. Oga mai AC kai ma godiya nake, zan isar wa kawu da saƙon. Toh yanzu tunda komai ya rataya akan ƙiyasi, akwai hanyar da zan auna gudun da kaina ba tare da na'ura mai tsada ba? Kuma in aka ƙara tsawon bututu gudun zai yi ta ƙaruwa ne ba iyaka?

Anti_Lab_Malali ta rubuta:

Ƙanina akwai, kuma awon shi zai sa aikinka ya fi na sauran. Na'urar da ake amfani da ita sunanta kuronogiraf, ido biyu ne masu ganin haske a jere, harsashi ya gifta na farko agogo ya tashi, ya gifta na biyu ya tsaya. In babu ita sai ka koma ga lilo, hanyar da wani Bature ɗan Ingila Benjamin Robins ya fito da ita a 1742 kuma da ita aka fara sanin gudun harsashi a duniya. Muna haɗa wa ɗalibai irinsa a lab.

Ka samu gwangwanin madara ka cika shi da yumɓu mai ɗan laushi, ka ɗora a sikelin dijital ka daidaita ya zama giram 200 cif. Ka rataye shi a kwance bakinsa na kallon bindiga, da zare ta gaba da ta baya don kar ya juya, tsawon zaren mita 1 daga inda ka ɗaura zuwa tsakiyar gwangwani. Ka shimfiɗa rula a ƙarƙashinsa, ka kafa waya a gefe ta ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. A harba daga nisan kamar mita ɗaya, in an matso sosai iskar da ke fita daga bakin bindiga ita ma za ta tura gwangwanin ta ɓata maka awo. Dole dalmar ta maƙale a cikin yumɓu, in ta faɗo ko ta ɓula ta wuce wannan harbin bai shiga lissafi ba.

Sai ka duba bidiyo ka ga santimita nawa gwangwanin ya matsa baya kafin ya juyo. A ce 15 ka gani. Gudun gwangwani shine 0.15 sau sikwaya rut na 9.8 a raba da tsawon zare, wato 0.15 sau 3.13, ya ba da mita 0.47 a sakan. Ka ninka da nauyin gwangwani haɗe da dalma, 200.53, ka raba da nauyin dalma 0.53, ka samu wajen 178. Lura da kyau momentum, wato nauyi sau gudu, ake bi a wurin karon ba kuzari ba, domin kusan duk kuzarin ya tafi wajen huda yumɓu da lanƙwasa dalma, wanda ya yi lissafin da kuzari amsarsa za ta fito 'yar mitsitsiya. Kuskuren rabin santimita a karatun rula yana canza amsa da wajen mita 6 a sakan, saboda haka ka maimaita ka ɗauki matsakaici, kuma kar ka auna dalma ƙwaya ɗaya, ka ɗora ashirin a sikeli ka raba.

In kana son sanin gas ɗin da kowane harbi ke ci ba sai ka yi ƙiyasi ba, ka auna sabuwar kwalba, ka ƙirga harbi har ta ƙare, ka sake auna ta wayam. Kar ka kwance ta da sauran gas a ciki. Ka sa tabarau na kariya, ka jingina buhun yashi a bayan lilon, kuma kar ka yi wannan gwajin da 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, su dawowa suke in sun daki abu mai tauri. Ka rubuta zafin gari a gefen kowane awo, ka yi wasu da asuba wasu da azahar, maganar kawunka za ta fito a jadawali kowa ya gani.

Dattijo_Kawo ya rubuta:

Yaro karatunka ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya zan ƙara wanda ba na lissafi ba. A dokar makamai ta ƙasar nan ta 1959 bindigar iska tana cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su, ba kayan wasan yara bace a idon hukuma. Ka yi gwajinka a can gonar, kawunka yana tsaye, da takardunsa. Kar ka saɓo ta a jaka ka hau Keke ka ce za ka kai makaranta a gani, ka san halin da ake ciki a hanyoyin nan da shingayen bincike, daga nesa babu mai bambance ta da ta gaske. Bidiyo da hotuna sun ishe ka semina. Jul 9 ɗin nan da kake gani kaɗan a takarda yana fasa ido yana kuma shiga fata, a kawar da yaran gidan kajin daga wurin kafin a fara.

Malam_Fiziks_UngRimi ya rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya, a kiyaye. Don ka san inda taku take, a Jamus jul 7.5 ne iyakar da babba zai saya ba lasisi, a Ingila kuma wajen jul 16 ga doguwa, masu gasar Olamfik ta mita 10 ma da milimita 4.5 suke harbi kuma gudun nasu bai wuce wajen mita 170 zuwa 180 a sakan ba, su daidaito suke nema.

Maganar tsawon bututu, a'a ba ya tafiya ba iyaka. Ka tuna a santimita 45 matsin ya riga ya sauko bar 5, ƙarfin turin ya dawo niyutan 8 daga 90. Duk abin da ka ƙara daga nan riba kaɗan ce, kuma akwai inda turin zai yi daidai da gogayya da iskar gaba, daga wurin bututun birki ya koma yi wa harsashi. Ƙaramar fistol mai gajeren bututu kuwa akasin haka ne, harsashi ya fita gas bai gama aikinsa ba, shi ya sa gudunsu ke tsayawa wajen mita 120 zuwa 130 a sakan kuma suke da ƙara.

Sannan akwai gudun sauti a cikin shi gas ɗin. Matsi daga bawul zuwa bayan harsashi da gudun sauti yake isa, a CO2 kuwa wajen mita 267 ne a sakan a digiri 20, a iska 343, a hiliyam kusan 1000, saboda nauyin ƙwayar CO2 44 ne, na iska 29, na hiliyam 4. Ga shi kuma yana ƙara sanyi yana buɗewa, gudun sautin yana ƙara sauka. Ba katanga bace da ba a tsallakewa, amma da harsashi ya doshi wurin gas ɗin ya fara kasa cim masa, turin ya lalace. Wannan ne ya sa 390 ɗinka ba za ta samu da CO2 ba, kuma shi ya sa masu son gudu suke komawa bindigogin da ake kira PCP, waɗanda ake ɗura wa iska zalla bar 200 zuwa 300, su kuma zafin gari bai cika damunsu ba tunda babu ruwa a ciki. Hukumar NASA ta Amurka ma da haidurojin, wanda shi ma gas ne marar nauyi, take harba 'yan ƙwallaye wajen kilomita 7 a sakan don gwada yadda tarkacen sararin samaniya ke huda jikin kumbo.

Idan lilon Anti ya ba ka ƙasa da 183 kar ka ce awonka ne ya ɓaci, kamfanoni da dalma mafi sauƙi suke gwaji su rubuta mafi girman abin da suka samu. In kawu yana da dalma iri biyu ka gwada duka, mai nauyin za ta fita a hankali amma sau da yawa jul ɗinta ya fi, domin ta fi daɗewa a bututu gas ya samu lokacin tura ta. Ka kuma juya lissafin baya, jul ɗin da ka auna ka raba da cikin bututu, jul 8.9 a cc 7.2 yana ba da matsakaicin matsi wajen bar 12, ka sa wannan lambar kusa da 57 a shafin sakamako. In ka samu awon asuba da na azahar ka turo su nan mu duba tare kafin ranar semina.